Kowa Ya Zo Dubiya Sai Ya Karanta Shafi

Abu uku na zuba a cikin wannan karatu kafin ciwon ya same ni. Na farko kuɗin rajista, wanda in aka auna shi da citta ya kai buhu huɗu. Na biyu yammacin mako shida da na yi ina zaune gaban waya, ni da rabona da aji tun ina saurayi. Na uku shi ne babba. Wani mai saye daga ƙasar waje ya yarda zai karɓi citta kai tsaye daga hannuna, ba tare da dillalan Legas da na shekara ashirin ina yi wa wahala ba. Sharaɗinsa guda ne: in nuna takardar shaidar na yi kwas a kan tsaftacewa da adana kayan abincin da ake fitarwa waje. Ta intanet ake kwas ɗin, darasi goma sha biyu, ɗaya a kowane mako, sai jarrabawa gab da shigowar sabuwar citta. Wanda ya rasa jarrabawar sai baɗi, shi kuwa mai saye ba zai jira baɗi ba.

Na gama darasi na shida lafiya lau. Abin da ya biyo baya shi nake so masu hawan jini irina su ji.

An daɗe da ɗora ni a kan magani. Da na ga jikina garau, sai na mai da shi na ranar ciwon kai kawai. Wata safiya na isa shagona a Babbar Kasuwa, saƙo ya shigo daga yaron da ke saya mini kaya a Kachiya. Na buɗe, na ga baƙaƙe a jere, kowanne tsaf, amma babu wanda na sani a cikinsu. Kamar an zube ƙananan ƙusoshi a faranti. Ba ciwon kai, ba jiri, hannu da ƙafa suna aiki, harshe bai karye ba. Abu ɗaya na lura, sau biyu kafaɗata ta dama tana bugun ƙofa.

Na ce ido ne, shekaru ne suka zo. Na nufi wajen mai tabarau da ke baza kayansa a bakin ƙofar kasuwa. Ya miƙo mini guntun jarida, na dinga sa wannan ina cire wancan.

"Alhaji, wannan fa ta ƙarshe ce. 'Yan shekara tamanin nake sayar wa ita."

"Girma suke ƙarawa," na ce masa, "amma ba sa ce mini komai."

"To ka haɗa biyu, ido sai ya saba."

Na biya kuɗin biyu na tafi. Wannan ganganci ya cinye mini kwanakin da likita ta ce daga baya su ne mafiya tsada.

A gida, Hayin Banki, kowa ya kawo tasa. Yayana, Yaya Sale, ya ce yanar ido ce, ya zo da zuma a kwalba a ɗiga mini. Gwaggon matata ta aiko cewa tunda maganar Turawa ta fito aka sa ni gaba, a nemi tsari. Matata, Hajiya Binta, wadda ke aiki a ma'aikatar gwamnati, ba ta ce komai ba sai da ta gwada ni. Ta nuna mini kalandar bango. Na faɗa mata lambobin duka, har ƙananan. Ta ɗora yatsa a kan sunan watan, wanda aka rubuta da manyan baƙaƙe, na kasa karanta shi.

"Baban Hafsat, idon da ya ga ƙarami ya kasa ganin babba ba zuma yake so ba. Gobe asibiti."

Mun isa asibitin ido da sassafe, muka tarar da layi ya riga ya fita waje. Yankar kati layi, biyan kuɗi layi, a ɗiga magani a ido wani layin. Sai bayan azahar muka ga likita, wata yarinya da ba ta wuce sa'ar 'yata ba. Ta haska idon, ta sake haskawa. Sai ta ba ni takarda da biro.

"Baba, rubuta mini abin da ka karya da shi."

Na rubuta ba gargada. Ta karɓe, ta tambaye ni sana'ata, muka ɗan taɓa hirar tsadar citta. Sannan ta miƙo mini takardar.

"Karanta."

Na san rubutuna ne, na gane yadda nake karkata shi. Tawadar ma ba ta gama bushewa ba. Amma wallahi da za a ce in karanta ko a karɓe shagona, da an karɓe. Hajiya ce ta leƙo ta karanta a hankali: "Koko da ƙosai, matata ta hana ni sukari." Ta fara dariya, dariyar ta koma kuka.

Likita ta auna jinina, fuskarta ta canja. Ta ce, "Baba, idonka ba shi da laifi. Strok ne, jini ya toshe a wani ɗan wuri a bayan kai." Na ce ai strok shanye ɓarin jiki yake yi, ga ni kuwa da ƙafata na zo. Amsar da ta ba ni har yau tana kunnena.

"Wurin rubutu yana nan, wurin magana yana nan, ido yana nan. Ka ɗauka Kawo na nan a wannan tsallaken kogi, Kakuri na nan a wancan, gada ce ta faɗi."

Na yi shekara hamsin da 'yan kai ina ɗauke da wannan kai, ban taɓa sanin akwai gada a cikinsa ba. Na ɗauka karatu da rubutu abu ɗaya ne, kamar gaba da bayan hannu. Ashe kowanne da ɗakinsa, kuma ana iya kulle ɗaya a bar ɗaya a buɗe. Tsoro ya kama ni, amma mamakin ya fi tsoron yawa.

Mako na farko a gadon babban asibiti na yi shi. Injin hoton kai ya lalace, aka tura mu na kuɗi, buhu uku suka tafi a wuni guda. Safar hannu, allura, ruwan da za a ɗaura, komai sai Hajiya ta sauka ƙasa ta sayo. Akwai ma'aikaciyar da in ka kira ta sai ka ce bashi kake bin ta. Akwai kuma wani dattijon nas da yake juya marasa lafiya kamar 'ya'yansa, Allah ya saka masa. A nan aka tabbatar mini ganin ɓangaren dama ya tafi a idanuna biyu, shi ya sa nake bugun ƙofa, kuma aka ce in manta da tuƙi.

Da aka sallame ni a mako na biyu, abin da na fara nema Alƙur'anina ne. Na buɗe inda na tsaya. Bakina ya ɗauki surar yana tafiya da ita ba tuntuɓe, idona kuwa yana kallon shafin kamar baƙon da aka shigo da shi garin da bai sani ba. Na rufe na rungume shi. Na gode wa Allah da malamin allonmu da ya dage sai mun haddace, don abin da ke cikin ƙirji gadar ba ta shafe shi ba.

Sai dubiya ta ɓalle. 'Yan kasuwa, maƙwabta, mutanen masallaci, abokan aikin Hajiya, dangi daga Kano. Daga hantsi har magariba falona bai rabuwa da mutane. "Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi." A sha ruwa, a gangara siyasa. Ba ka da bakin korar kowa, haƙƙinka suka zo saukewa, wani ma da kuɗin motar da ba shi da shi ya zo. Ina godiya, amma hankalina yana wani wuri, don kwas bai tsaya dubiya ba. A ƙarshen mako na uku 'yan ajinmu sun gama darasi na tara, ni ina na shida. Saura mako uku a yi jarrabawa, darasi shida a gabana, kuma mafi yawansu takardu ne, bidiyon kaɗan ne.

'Yata Hafsat ta saita mini waya yadda wayar za ta dinga karanta mini da kanta. Muryar wata Baturiya ce mai magana ta hanci, tana gudu kamar an biyo ta, ba dama ka ce mata tsaya me kike nufi. Shafi biyu barci ya ɗauke ni. Hajiya ta gwada karanta mini in ta taso daga aiki, amma ga girkin baƙi, ga magani, ga ni. Kwana kaɗan muryarta ta dishe.

Wata rana ina kishingiɗe, na duba falon da rabin ganin da ya rage mini. Mutum tara a zaune, ana gardamar farashin taki. Ni ɗan kasuwa ne, ban iya ganin kaya a ajiye ba sa motsi. Ga idanu masu lafiya, ga bakuna, ga lokaci, duk an kawo mini har gida kyauta. Na sa Hajiya ta kai darussan shagon buga takardu aka fitar da su, aka ajiye a kan tebur kusa da butar shayi.

Wanda ya fara faɗawa tarkon Alhaji Garba ne. Shagonsa na kallon nawa, kaya ɗaya muke sayarwa, mun sha ƙwace wa juna ciniki. Shi Bazazzagi ne, ni Bakano, don haka tsokana ce gaisuwarmu.

"Bakano, an ce kanka ya ƙi karatu. Yaushe dama ya taɓa yarda?"

"Lada ka zo nema ko shayi? In lada ce, ga ƙari. Karanta mini shafi ɗaya kafin ka tashi."

"La'ilaha! Jama'a ku ji, har a cikin ciwo sai Bakano ya nemi riba."

Ya gyara hula ya fara. Darasin a kan shanya ne: kada a baza citta a ƙasa tsirara ko a gefen kwalta, sai a kan tamfol ko gado mai tsayi, kada a ɗura ta a buhu da sauran danshi, don fumfuna tana haifar da wata guba da ido ba ya gani, wuta ba ta kashe ta, ita ce ke sa a dawo da kaya daga bakin teku. Bai kai rabi ba ya ajiye takardar.

"Ƙarya ne! Kakana a kan fa yake shanya, ya shekara casa'in."

"Kakanka Zariya yake kai kaya a jaki. Ci gaba."

Yaya Sale ba ya jin Turanci, kuma ba ya yarda a bar shi a baya. Kowane layi sai ya ɗaga hannu: "To, ƙanena, me aka ce? Faɗa mini da Hausa." Dole in juya abin a kaina in mayar masa. In na yi kame-kame sai ya ce, "Kai ma ba ka gane ba, Garba koma baya." Ban san gata yake yi mini ba sai daga baya. Duk abin da na iya fassara wa Yaya Sale ya zauna daram.

Limamin unguwarmu ya shigo ya tarar da mu a haka, ya tsaya yana murmushi. Ya ce, "Ai tsarin tafsiri kuka ɗauko. Ga mai jan baƙi, ga mai fassara, ga masu cewa na'am." Daga ranar sunan ya bi mu. Wanda ya shigo, bayan ya yi addu'a, sai a ce, "Malam, karɓi jan baƙi." Wani tsohon ma'aikacin banki ya ja mana darasin takardun fito. Wata abokiyar aikin Hajiya ta ja na feshin maganin ƙwari a sito, tana yi tana tsayawa tana cewa, "Innalillahi, ashe abin da muke ci ke nan." Liman ya ja na wanke hannu da tsaftar ma'aikata, a hankali, yana tsayawa a kowace aya kamar zai ba da fatawa. Wanda bai iya boko ba ya zauna a sahun Yaya Sale yana jefo tambaya. Mutanen da da suke zuwa sau ɗaya su sauke nauyi suka koma zuwa kullum, wai suna so su ji yadda darasi na tara zai ƙare.

Aikin gida kuwa da hannuna nake rubutawa, tunda rubutu bai tafi ba. Sai dai in na ɗaga biro ban san inda na tsaya ba, kuma nakan zarce gefen dama in hau kan tebur. Hajiya ke bi tana dubawa ta tura wa masu kwas ɗin. Ta ce ko kuskure ɗaya ba ta cika samu ba. Mutum ya rubuta daidai, ya kasa sanin abin da ya rubuta. Har yau in na tuna sai in ce Allah mai iko.

A mako na huɗu aka haɗa ni da wata mata a asibiti mai koya wa masu strok. Ta rubuta kalma ɗaya da manyan baƙaƙe ta ce kada in yi ƙoƙarin karantawa, in bi kowane baƙi da yatsa kamar ni nake rubuta shi. Na bi na farko, sai na ji sunansa ya faɗo mini, ba ta ido ba, ta hannu. Na bi na biyu, na uku, na huɗu. Na ce, "Ruwa." Ya ɗauke ni kamar tsawon alwala. Na zauna ina kallon yatsana. Shi da na sani da ɓalla citta a ji ko ta bushe, ashe ya san hanyar da zai zaga ya kai saƙo inda ido ya kasa.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. A mako na biyar jinin ya sake hawa, likita ya yi mini faɗa kamar ya kama ɓarawo, ya ƙara magani, buhu guda ya sake tafiya. Hajiya ta kafa doka, ana kiran la'asar take kwashe takardun ko ana tsakiyar layi. Na yi fushi, ta ce in yi. Ranar ce kuma ta ja ni gefe.

"Baban Hafsat, ka lura Alhaji Garba da biro yake zuwa yanzu? Abin da ka saya da buhu huɗu yana kwasa da kofin shayi."

Na lura tun kafin ita. Na riga na auna: in na rufe ƙofa, ilimin ya zama nawa ni kaɗai, amma ba zan kai jarrabawa ba. In na bar ta a buɗe, zan kai, tare da abokin takara a bayana. Na ce mata ta ƙara masa sukari.

Na rubuta wa masu kwas ɗin halin da nake ciki, da takardar likita. Suka amsa da mutunci: za su ninka mini lokaci, su ƙara girman rubutu, amma ni kaɗai a ɗaki, kyamara a kunne, ba mai karanta mini. Ban ga laifinsu ba. Ni ma ba na karɓar buhun da ban zuba hannu a ciki ba.

Ranar jarrabawa da hantsi aka zuba wa janareta mai, aka fitar da kowa. Masu jan baƙi suka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida suka zauna, har da waɗanda suka rufe shago. Tambaya ta farko ta fito. Na ɗora yatsa a cinyata ina zana baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Da na haɗa kalma huɗu na gane a kan danshi ake tambaya, sai kawai na ji muryar Alhaji Garba a cikin kaina yana cewa ƙarya ne, da amsar da na mayar wa Yaya Sale. Ta gaba a kan feshi ce, ta zo da muryar matar nan da salatinta. Ta tsafta ta zo a hankali, da tsayawar Liman. Kowane darasi da mai shi. Ban taɓa ganin shafukan nan da idona ba, amma ga su a jere a kaina, kowanne sanye da muryar wanda ya zo gaishe ni. Sau ɗaya na tsaya ina share hawaye, sai na tuna agogo yana tafiya.

Lokaci ya ƙare da sauran tambayoyi a ƙasa da ban ko kai gare su ba. Na fito na ce musu ban gama ba. Alhaji Garba ya ce, "Bakano bai taɓa cika mudu ba dama." Amma na ga ya juya yana goge ido da bakin babbar riga.

Sakamako ya zo bayan 'yan kwanaki. Lamba ce, don haka ban jira kowa ba, ni na gani da kaina. Na haye, da ƙyar, kamar motar da ta shiga gida da ɗigon mai na ƙarshe.

Shawarata gajeriya ce. Mai hawan jini ya sha maganinsa ranar da yake jin daɗi, ita ce ranar da aka yi shi dominta. Kuma duk abin da ka iya jiya ka wayi gari ba ka iya ba, ko magana ce, ko karatu, ko gane hanya, kada ka jira ciwo, kada ka tsaya wajen mai tabarau. A ranar za ka je asibiti.

Ga yadda cinikin ya tashi. A ɓangaren asara: jinya ta ci buhu goma sha wani abu. Ganin dama bai dawo ba, mota sai a tuƙa ni. Saboda ban gama murmurewa ba lokacin sayen kaya, rabin abin da na yi alkawari kawai na iya tarawa a sitona na Rigachikun, mai saye ya karɓi rabin ya ce mu ga baɗi. Alhaji Garba ya yi rajistar zango na gaba, ya riga ya san rabin darussan, kuma ya aiko wai in shirya ni zan ja masa baƙi.

A ɓangaren riba: takardar tana hannuna, kayana sun tsallaka teku da sunana a jikin buhu, ba a dawo da ko ɗaya ba. Ina raye, ina sallah a tsaye. Wannan labarin da hannuna na rubuta shi, ko da yake zai ɗauke ni wuni biyu in karanta shi. Makon jiya kuma ina tsaye a bakin titi a Kawo, wata bas ta taho da rubutu a goshinta. Hannuna yana cikin aljihu, ban zana komai ba. Kafin ta wuce ni na ji bakina ya ce, "Zariya." Na duba, na sake dubawa har ta ɓace. Wannan ban san farashin da zan sa masa ba, na dai rubuta shi a saman layin riba.